Shaguna biyar da littafin bashi ɗaya

Kwana uku kafin Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa, cikin daminar 2021, ya sa aka fitar da kowa daga ɗakin aka bar ni ni kaɗai. Na zaci maganar gida zai yi, ko ta ƙannena mata. Sai ya kama hannuna ya ce, "Akwai kuɗin Mai Kanti a kaina, naira dubu uku da ɗari biyu da arba'in. Na neme shi ban same shi ba. Kada ka bari a tambaye ni."

Mutum ɗaya ne a duniya Baba yake kira Mai Kanti, kuma rabonmu da ganinsa a lokacin shekara ashirin da ɗaya.

A Kakuri aka haife ni, kudu da kogin Kaduna, a 1969. Baba ya taso ne daga wani ƙauye a ƙasar Funtuwa, inda ake noma auduga, ya biyo audugar har inda ake kaɗe ta a saƙa. A wancan zamanin Kakuri masaƙu ne gaba da baya. Ga masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa da haɗin gwiwar Turawan Ingila, ta fara aiki a 1957, ga Arewa Textiles, ga United Nigerian Textiles, wato UNTL, ga Nortex, daga baya kuma a 1975 kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo ya zauna kusa da su. A ɗaya daga cikin masaƙun nan Baba ya yi shekara talatin da ɗoriya a sashen saƙa. Har ya bar duniya da ƙarfi yake magana, domin ƙarar injuna ta cinye masa kunne, kuma in ya dawo gida Inna sai ta sa tsumma ta kakkaɓe masa farin gashin auduga daga hula da gira.

A bakin layinmu akwai wani dogon gini na bulo da rufin kwano, mai ƙofofi biyar a jere da baranda ɗaya doguwa. Ba shi da suna, shagunan Alhaji kawai muke ce masa, don wani attajiri ne daga Tudun Wada ya gina shi yake bayarwa haya. Ba wani gini ba ne da baƙo zai tsaya ya kalla. Amma duk wanda zai tafi masaƙa daga unguwarmu sai ya bi ta gabansa, kuma aiki kashi uku ake yi, na safe da na rana da na dare, don haka barandar nan ba ta taɓa zama babu mutum. Mu yara ba mu san agogo ba, jiniya muka sani. In ta yi kuka, minti kaɗan sai ka ga titi ya cika da kekuna kamar an buɗe dam.

Shagon farko daga hannun dama shi ne kantin. Mai shi Inyamuri ne, kamar yadda ake faɗa a lokacin, wato Ibo, gajere mai faɗin ƙirji, da alƙalami kullum a bayan kunne. Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan gwaɓi, har karin magana yake jefawa. Baba ya ba ni labari cewa tun kafin rikicin 1966 yake shagon, ya gudu ya bar komai, kuma da aka gama yaƙin basasa a 1970 ya dawo ya tarar Alhaji ya adana masa sikelinsa da kantocin katako a wani ɗaki, bai bar kowa ya taɓa ba. Ya sake buɗewa da katon biyu na sabulu da buhun gishiri. Lokacin da na yi wayo kantin ya cika har rufi: madarar Peak da Bournvita da sukari mai ƙwali da Omo da kifin gwangwani da ashana da batir da biskit ɗin Cabin, ga gangar kananzir a bakin ƙofa da kwalba da mazurari. Ƙamshin wurin haɗin sabulu ne da kananzir da burodi, kuma har yau in na ji makamancinsa sai gabana ya faɗi.

Abin da ya riƙe kantin nan, ya kuma riƙe unguwar da shi, wani littafi ne mai baƙin bango da yake ajiyewa ƙarƙashin kanta. Kowane ma'aikacin masaƙa yana da shafinsa. Daga tsakiyar wata, in albashi ya ƙare, Inna za ta ce, "Je wurin Baba Mai Kanti ka ce a ba da madara ɗaya da sabulu, a rubuta." Zan je in faɗa, ya miƙo, ya zaro alƙalami daga kunne ya rubuta a gabana, ya juyo da littafin ya ce, "Ɗan Malam, duba, ka shaida." Tun ban iya karatu ba yake nuna min, kuma ina jin a littafin nan na fara gane lambobi kafin allon makaranta. Ranar albashi kuwa layi ake yi. Mutum zai fito daga masaƙa da ambulan ɗinsa, kafin ya shiga gida sai ya tsaya, Mai Kanti ya haɗa lissafi, a biya, ya ja layi biyu da jan biro. Ba takardar yarjejeniya, ba jingina, ba mai tsaya wa wani. Jingina ɗaya ce, jiniyar da za ta sake kuka gobe. Akwai Bahaushe a littafin, akwai Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Banufe da Bayarabe, duk shafi kusa da shafi.

Na biyu shagon Baba Tela ne, wani dattijo Bazazzagi mai ƙarancin magana, da kekunan ɗinki uku, Singer guda da Butterfly biyu. Shi ya ɗinka min kayan makaranta na farko a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, lokacin da aka kwashe mu gaba ɗaya aka zuba a aji har ba wurin zama. Yadin da ya yanka min daga masaƙar su Baba ya fito, kuma na tuna yadda Baba ya murza shi tsakanin yatsu biyu ya ce wataƙila ma a injinsa aka saƙa. Abin alfahari ne a lokacin mutum ya sa abin da hannunsa ya yi. Da na kai shekara goma sha ɗaya Baba ya damƙa ni a hannun Baba Tela, in na taso makaranta in je. Shekara guda cur ban taɓa keke ba, daga hura gawayin dutsen guga sai ɗinka maɓalli sai share ƙyallaye. Goman ƙarshe na azumi a shagon muke kwana, da fitilar ruwa in an ɗauke wuta, atamfofi da shaddoji sun taru har ba inda za ka miƙe ƙafa. Bai taɓa karɓar ɗinkin da ya san ba zai gama ba. In ya ce wa mutum jajibiri bayan la'asar, to jajibiri ne bayan la'asar, in kuwa ya ga ba hali, tun ranar da aka kawo zai ce, "Kai wa wani, kada in hana ɗanka Sallah." Sana'ar da nake ci da ita yau, nake ciyar da 'ya'ya bakwai, a kan bencin nan na same ta. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Na tsakiya mai hoto ne, Bayarabe mutumin Ogbomosho, wanda ya liƙa hotunan mutane a gilashin ƙofa har ba a ganin ciki. Yana da labule mai zanen bene da jirgin sama, da wayar tarho ta roba da ake riƙewa, da tukunyar furen roba. Duk saurayin da ya zo daga ƙauye neman aikin masaƙa, wurinsa yake fara zuwa a yi masa fasfo, kuma in ya karɓi albashin farko sai ya dawo da sabon agogo ya ɗaga hannu yadda zai fito sosai, a aika wa mutanen gida. Hoton iyayena guda ɗaya tak da suke tare, shi ya ɗauka. Hatiminsa yana bayan hoton, kuma wannan hatimin ne ya yi min rana daga baya.

Na huɗu mai gyaran keke ne, Raleigh galibi, wanda bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata a 1975, ya koyi taɓa babur saboda rabin abokan cinikinsa sun sayi Honda da Suzuki.

Na biyar kuma na wata mata ce daga wajen Zonkwa da kowa ke kira Mama, mai tuwon shinkafa da miyar taushe da shinkafa da wake. Mijinta abokin aikin Baba ne. Naman da take sa wa a miya daga hannun mahautan unguwa take saye da sanyin safiya a idon kowa, don kada wani ya yi shakka, kuma da azumi takan sauya lokacin girkinta saboda masu aikin dare su sami na sahur. Ita ma tana da nata lissafin, amma ba littafi, da gawayi take ja a bango bayan ƙofa. In dare ya yi ta rufe, mai shayi ya kafa teburinsa a barandarta, a kunna rediyo, a yi ta musun siyasa da na ƙungiyar ƙwadago. A teburin nan na fara jin sunan Adams Oshiomhole, tun yana jagoran ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, shi ma daga masaƙar Arewa ya fito, shekaru da yawa kafin ya zama gwamna.

Gwaji na farko da na gani da idona ya zo a 1984. Kaya suka ɓace daga kasuwa, madara da sukari da sabulu suka zama sai an bi layi, sojoji suna tilasta wa 'yan kasuwa sayarwa a farashin gwamnati, sannan a watan Afrilu aka sauya launin kuɗi aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffi banki. Kantocin Mai Kanti suka zama wayam. Ƙanwata tana jaririya a lokacin, Inna kuma ba lafiya, nono bai wadata ba. Wata rana da magariba ya kira ni ta ƙofar baya, ya sa min gwangwanin madara biyu cikin riga, ya ce, "Kai wa Hajiya, kada ka tsaya wasa." Daga baya muka ji haka ya yi wa duk gidan da ke da jariri a layin. Ya rubuta a littafi, a tsohon farashi.

Daga 1986, da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP naira ta fara zubewa, abubuwa ba su sake komawa daidai ba. Masaƙu na buƙatar kayan gyaran injuna da rini daga waje, kuɗinsu ya ninka. Wutar NEPA ba tabbas, baƙin man da ake hura tukunyar injuna da shi ya yi wuya duk da matatar mai tana nan cikin Kaduna. Ga atamfar waje mai araha tana kwararowa ta kan iyaka, har a 1997 gwamnati ta ɗage haramcin shigo da yadi gaba ɗaya. Mu a baranda ba mu san waɗannan bayanai dalla-dalla ba sai daga baya. Abin da muka gani shi ne an soke aikin dare, mai shayi ya daina kaiwa asuba. Sai aka fara biyan albashi rabi. Sai aka fara liƙa sunaye a bakin get.

Shagunan suka fara sauya hannu ɗaya bayan ɗaya. Mai keke ne ya fara tashi, wani mai faci ya gaje shi, daga baya wurin ya zama matattarar 'yan acaɓa, kuma da yawansu tsofaffin ma'aikatan masaƙa ne da suka sayi babur da ɗan abin da aka sallame su da shi. Mai hoto ya koma gida da tsufa ya kama shi, ɗansa ya mai da shagon wurin hayar kaset ɗin bidiyo, Indiya da Cana da finafinan Hausa da suka fara tashe. Baba Tela ya rasu a 1996, magada suka sayar da kekunan, na sayi Butterfly ɗaya, tana nan a shagona har gobe. Aka zuba injin buga takardu da na kwafi da wayar NITEL a inda muke guga.

An sallami Baba a 1998. Haƙƙinsa bai fito ba sai a guntu-guntu, wani ma har ya rasu bai gan shi ba, kuma wannan ciwo ne da ba nasa kaɗai ba, dubban gidaje ne a Kaduna. Ni ina ɗinki, amma wa zai kawo ɗinki a unguwar da ba albashi? A wannan tsakanin ne shafinmu a littafin Mai Kanti ya daina ganin jan biro. Ba namu kaɗai ba, kusan rabin littafin. Na sha ganinsa da dare yana buɗe shafuka yana rufewa, kantocinsa suna raguwa, don shi ma masu ba shi sari sun daina ɗaga masa ƙafa. Duk da haka ban taɓa jin ya aika yaro ƙofar gidan wani ba. Baba ne da kansa ya daina aikena, saboda kunya. Da Mai Kanti ya lura, sai ya tare shi a hanyar masallaci ya ce, "Malam, shekara nawa kana biyana ba fashi? Yanzu don ruwa ya ɗauke sai a ce rijiya ba ta da amfani? Turo yaro."

Sai ga rikicin Fabrairun 2000. Ba zan faɗi abin da na gani a kwanakin nan ba, waɗanda suka zauna Kaduna sun sani, waɗanda ba su zauna ba Allah Ya sa kada su taɓa gani. Ba a ƙona shagunan Alhaji ba, amma an fasa uku an kwashe, har da kantin. Mu muka tsallaka kogi muka koma Rigasa da abin da hannu ya iya ɗauka. Mama da iyalinta suka nufi wajen Sabon Tasha. Garin ya rabu biyu, kowa ya bi inda nasa suka fi yawa, kuma mutanen da suka yi shekara talatin suna cin tuwo a kwano ɗaya suka rabu ba sallama. Da ƙura ta lafa Baba ya koma neman Mai Kanti, ya tarar da ƙofa a ɓalle, aka ce ya kwashe iyalinsa ya tafi gida. Wane gari? Ba wanda ya sani. Shekara talatin muna tare, ba mu taɓa tambayar sunan garinsu ba, kuma wannan abu yana damuna har yanzu. Bayan shekara biyu KTL ta rufe, a 2007 UNTL ta bi baya, jiniya ta yi shiru.

Ginin bai faɗi ba. Na riƙa jin labarinsa daga bakin mutane: an yi wurin buga waya bayan zuwan salula a 2001, an yi gidan intanet, an yi gidan kallon ƙwallo, wata ƙaramar coci ta kama ƙofa biyu ta haɗe, an yi ma'ajiyar ruwan leda. Ba wanda ya daɗe. A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne. Shagunan farko sun zauna ne a kan mutanen da ke yin wani abu da hannunsu ana biyansu duk wata, na baya kuwa kowa yana jiran ɗan canjin da ya rage a aljihun wanda shi ma nema yake.

Bayan sadakar bakwai ɗin Baba na fara neman Mai Kanti. Na ɗauko hoton iyayena, na duba hatimin baya, na sa babban ɗana ya bincika sunan shagon hoton a Facebook. Ya yi mako biyu kafin ya gano jikan mai hoton a Ibadan. Shi ya haɗa mu da mahaifinsa, wanda ya yi hayar kaset, shi kuma ya ce ya taɓa haɗuwa da ɗan Mai Kanti na biyu a kasuwar Onica. Aka bi, aka bi, sai da aka shafe wata biyar kafin lamba ta zo hannuna.

Da na kira na yi sallama da Turancin da nake iyawa, sai ya amsa min da Hausa tsantsa, Hausar Kakuri. Ya ce, "Ɗan Malam mai saƙa? Kai ne kake wurin Baba Tela?" Muka yi shiru mu duka biyu. Ya ce mahaifinsu ya rasu tun 2009. Na yi masa ta'aziyya, ya yi min. Na faɗa masa abin da ya sa na kira. Ya ce littafin yana cikin abin da aka watsar ranar da aka fasa kantin, ba su tsira da shi ba, kuma tsohon bai taɓa zancen bashin kowa ba, zancensa kullum tuwon Mama ne da sanyin hunturun Kaduna. Ya ce, "Ɗan'uwa, ku bar shi, mun yafe." Na ce masa ba nawa ba ne balle in karɓi yafiya a kai, wasiyya ce, kuma ba shi kaɗai ne magaji ba. Ya ce to zai gaya wa mahaifiyarsu, tana nan da rai.

Na je wurin malaminmu na tambaya, don naira dubu uku ta 1999 ba ita ce ta yau ba, a lokacin ta fi ƙarfin buhun masara. Ya ce abin da ke wuyan mamaci shi ne adadin da aka rubuta, amma kyautatawa wajen biyan bashi sunna ce, in ina da hali in ƙara. Muka zauna da ƙannena kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa.

Zan iya turawa daga Rigasa, amma zuciyata ba ta ba ni ba. Na hau mota na tsallaka gada na sauka Kakuri. Masaƙun suna nan a tsaye, ciyawa ta fi mutum tsawo a harabar wasu, rufi ya yaye. Shagunan Alhaji an yi musu fenti shuɗi, an sa ƙofofin ƙarfe. Biyu a rufe, ɗaya ana cajin waya, ɗaya ana sayar da gwanjo. Na farko daga hannun dama kuwa wata yarinya ce zaune da na'urar POS, ba ta fi shekara ashirin ba. Na leƙa ciki, na ga har yanzu akwai ramukan ƙusoshin kantoci a bango, da baƙin tabon kananzir a siminti daidai bakin ƙofa. Na ba ta lambar asusun da kuɗin, ta tura, ta yago min 'yar takarda. Ta ga na daɗe a tsaye ina kallon bango, ta ce, "Baba, lafiya? Ko kuɗin bai tafi ba ne?" Na ce ya tafi. Na tambaye ta ko tana da jan biro, ta duba jaka ta ce sai shuɗi. Na karɓa na ja layi biyu a kan takardar, na ninke na sa a aljihu.

Ban kai bakin titi ba wayata ta yi ƙara. Tsohuwar ce da kanta, muryarta na rawa, Hausarta ta ɗan yi tsatsa. Ta ce, "Yaya Hajiya? Tana nan?" Na ce tana nan, sai dai ƙafa. Ta ce in na isa gida in kira ta in ba ta wayar.